Hanyar da Ba Ta da Dogo

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa tarago a titunan Lisbon,
ƙarfe ne ke faɗa mini inda zan karkata.
Da aka ba ni hutun kwana tara
na ce a kai ni inda hanya ke da ra'ayin kanta.

Covilhã ta jingina bayanta da dutse
kamar tsohuwar da ta ajiye saƙa.
Masaƙun ulu sun yi shiru tun tuni,
tsattsewa ce ta gaje tagoginsu.

Dona Ermelinda, mai masaukina,
ta dubi takalmana, ta dubi ƙaurina,
ta ce, "Wa ya biyo ka?"
Na ce babu.
Ta cusa mini busasshen ɓaure uku a aljihu.
"Ka dawo kafin miya ta huce."

Gari bai gama wayewa ba na wuce gidan ƙarshe.
Karensu ya raka ni da haushi biyu, ya ga ban kai na uku ba.
Daga nan sai tsakuwa,
sai numfashina yana fita fari-fari,
sai hawa,
hawan da ba ya jin magiya.
Huhuna ya koma zugazugi,
cinyoyina suna kirga mini duk shekarun da na yi a kujera.

Na ratsa gangaren da gobara ta lashe.
Kututture baƙi ƙirin, jere kamar masu zaman makoki,
amma a gindinsu ciyawa ta ɓullo shar,
ba ta nemi izinin kowa ba.

Awa biyu cur
ban ce wa kowa "a matsa ciki" ba.
Ba mai tambayata canji,
ba mai ɗaga kyamara a fuskata.
Shaho ɗaya ne ya duba ni daga sama
ya ga ba abin ci ba ne, ya yi gaba.

Can sai ƙararrawa.

Hannuna ya kai wa birki cafka,
a iska,
ƙafata ta gaisa da saiwa,
na tafi ƙasa gaba ɗaya, ni da girmana.

Tumaki ne.
Sun kewaye ni suna tuƙa, ba wadda ta ce sannu.
Makiyayinsu, Albano, ya iso a hankali
kamar wanda aka ba shi ranar duka kyauta.
Ya dubi gwiwata, ya dubi agogona da ya tsage,
ya ce, "Wannan ne ya fi jin ciwo."

Ya zuba mini ruwan marmaro a kan raunin,
sanyinsa ya kai mini har haƙori.
Na ba shi ɓaure biyu,
ya yanko mini cuku da wuƙar da ta girme ni.
Muka ci, ba hira.
Ƙasa can, garin ya zama ɗan jan rufi
da zan iya rufewa da tafin hannu.

Na tambaye shi hanyar komawa.
Ya nuna da haɓa: "Bi ruwa.
Shi bai taɓa ɓata ba."

Na bi ruwa.
Inda ya yi tsalle na yi,
inda ya lanƙwasa na lanƙwasa,
ba agogo, ba tasha,
jini ya bushe a ƙaurina kamar taswirar wata ƙasa.

Na tarar miya ta huce.
Dona Ermelinda ba ta ce komai ba,
ta mayar da tukunya kan wuta,
ta ajiye mini ɓaure uku a bakin taga,
na gobe.